Muryoyi Biyar na FamiStudio: Abin da Na Gani Bayan Wata Huɗu Ina Aiki da Ita a Jidda

Ɗan yayata ne ya jawo ni cikin wannan aiki. Yana shekarar ƙarshe a karatun kwamfuta a nan Jidda, kuma aikin kammala karatunsa wani ɗan wasan waya ne da ya ƙirƙira, inda wani yaro mai tallan balila, wato wani dafaffen wake da ake ci da zafinsa, yake ratsa lungunan Balad, tsohon garin Jidda, yana kauce wa kyanwoyi da masu tura amalanke, domin ya isa wurin masu saye kafin tukunyarsa ta huce. Zanen wasan irin na da ne, na ƙananan murabba'ai masu launi kaɗan, saboda haka wata rana bayan sallar isha'i ya same ni a ɗakin da nake haɗa kiɗa, ya ce mini, "Kawu, so nake kiɗan ya fito kamar na A'ila, amma duk wanda ya ji shi ya san Bahaushe ne ya kaɗa." Na ce masa ya ba ni kwana uku, domin na daɗe ina haɗa kiɗan biki da na talla a manhajar haɗa kiɗa ta FL Studio, kuma akwai sautukan da aka riga aka shirya a cikinta masu kama da na tsofaffin wasanni. Da ya dawo ya saurari abin da na yi har ƙarshe, sai ya cire abin sauraro daga kunnensa cikin ladabi ya ce, "Ya yi daɗi, Kawu, amma ba shi ba ne." Gaskiyarsa kuwa, ni ma na san ba shi ba ne, ko da yake a lokacin ban iya nuna inda matsalar take ba.

Ga wanda bai tashi a ƙasashen Larabawa ba, A'ila ita ce na'urar wasan da kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a shekarar 1983 da sunan Family Computer, wato Famicom a taƙaice, wadda ta isa Amurka a 1985 da sabon suna NES. Larabawa sun fassara sunan kai tsaye suka ce kwamfutar iyali, mu kuma yaran Hausawan Jidda da Makka muka ɗauki kalmar A'ila muka riƙe. Sautinta yana fitowa ne daga ƙwaƙwalwa guda ɗaya mai lamba 2A03 wadda kamfanin Ricoh ya ƙera, kuma muryoyi biyar kacal take iya fitarwa a lokaci guda. Kuskurena shi ne na ɗauki launin sautin na bar ƙa'idarsa: na jera muryoyi goma sha biyu masu kama da na A'ila, na cika su da amsa-kuwwa, na shimfiɗa musu kauri irin na fiyanon situdiyo, alhali kunnen duk wanda ya yi wasa da na'urar ya saba da kiɗan da ba ya wuce muryoyi biyar, kuma kowace murya a cikinsu tana da aikin da ba ta iya tsallakewa.

Neman abin da zai tilasta mini bin wannan ƙa'ida ne ya kai ni ga FamiStudio. Manhaja ce ta kyauta wadda wani mai suna Mathieu Gauthier ya rubuta, lambobin gininta a buɗe suke ga kowa, tana aiki a Windows da macOS da Linux, akwai ta kuma a wayar Android. Aikinta guda ɗaya ne, wato ta kwaikwayi ƙwaƙwalwar A'ila yadda take, da abin da take iyawa da abin da ba ta iyawa, ta bar mutum ya rubuta kiɗa a cikin wannan iyaka. Idan ka so ka ɗora amo biyu a kan murya ɗaya, na biyun zai share na farko. Idan ka so ka rage ƙarfin muryar da ba ta da maragi a na'urar asali, ba za ka sami inda za ka taɓa ba. A makon farko wannan ya matsa mini ƙwarai, amma daga baya na gane cewa shi ne dukan amfanin manhajar, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna na rubuta wannan sharhi.

Muryoyi biyu na farko tagwaye ne, su ne masu ɗauke da waƙa, kuma sautinsu yana tashi ne daga wutar da ake kunnawa ana kashewa da sauri. Gwargwadon lokacin da wutar take a kunne cikin kowane zagaye shi ne yake ba muryar launinta, kuma zaɓi huɗu ne kawai: kashi 12.5 cikin ɗari, kashi 25, kashi 50, da kashi 75, wanda wajen ji ba shi da bambanci da na 25. Na 50 yana da rami a ciki kamar sarewa mai kauri, na 25 yana da haske da cika, na 12.5 kuwa siriri ne mai fita ta hanci, kuma ranar da na fara riƙe shi da tsawo na sa masa ɗan karkarwa, abin da ya faɗo mini a rai shi ne algaita a ƙofar fada. Ƙarfin kowace daga cikinsu mataki 16 ne, daga sifili zuwa 15. Murya ta uku mai kusurwa uku ce, taushi gare ta da zurfi, ita ce ke riƙe gindin kiɗa, kuma ita ce wadda ba ta da maragin ƙarfi, ko dai tana magana ko ta yi shiru. Ta huɗu shuu ce zalla irin ta rediyon da bai kama tasha ba, da ita ake yin duk wani abu mai kama da kacau-kacau ko tafi ko fashewa, tana da matakai 16 daga mai kauri zuwa mai kaifi, da wani yanayi na biyu mai ƙarar ƙarfe. Ta biyar ita ce mai kunna ɗan gutsuren sautin da aka naɗa daga waje, a daddaƙe ƙwarai.

Da na jera su a gabana na dube su da kyau, sai na ga ai tsarin ƙungiyar makaɗan gida ne. Ga jagora mai bayar da waƙa, ga mai amshi, ga babbar ganga mai riƙe ƙasa, ga mai girgiza caki, ga kuma baƙo guda da ake kira idan an buƙace shi. Kiɗanmu na gargajiya dama bai dogara da tara amo uku ko huɗu a dunƙule irin na Turawa ba, ya dogara ne da layin waƙa guda mai ƙarfi, da amshi, da kiɗan da ke saƙa tsakaninsu. Saboda haka ƙuncin da mawaƙan Japan da na Turai suka yi ta neman dabarar kauce masa, har suka ƙirƙiro jujjuya amo uku da gudu a kan murya ɗaya domin kunne ya ɗauka tare suke fita, mu bai taɓa mu sosai ba. Na ba tagwayen farko jagoranci da sautin 12.5, na ba na biyu amshi da sautin 50, kuma cikin dare ɗaya na sami abin da na kasa samu a kwana uku da muryoyi goma sha biyu.

Fuskar manhajar ita ce babbar falalarta a kan magabatanta. Wadda aka fi sani kafin ita, FamiTracker, da ta fito a 2005, jadawali ce ta lambobi da haruffa masu gangarowa daga sama zuwa ƙasa, kuma mutum sai ya haddace alamomi da dama kafin ya iya lanƙwasa amo ɗaya. FamiStudio kuwa allon fiyano ta shimfiɗa irin wanda duk mai amfani da FL Studio ya sani, inda ake zana amo da linzamin kwamfuta, a ja shi ya yi tsawo, a karkata shi ya zame zuwa wani. Kowane kayan kiɗa da ka ƙirƙira yana da zane uku da za ka yi masa da hannu, na ƙarfi da na tashi da saukar amo da na launin murya, kuma kowane ɗigo a zanen yana daidai da kashi ɗaya cikin sittin na daƙiƙa. Wannan yana da muhimmanci, domin a nan ran sautin yake: amon da ya fara da ƙarfi 15 ya faɗo zuwa 9 a ɗigo na biyu sannan ya sauka a hankali yana fita kamar an tsinki tsirkiyar gurmi, wanda kuma ya fara daga 4 ya hau zuwa 12 yana fita kamar an ja izgar goge. Ana kuma iya saita yawan amo a kowane bugu, don haka kiɗanmu mai tafiya uku-uku ya zauna daram ba tare da wata dabara ba. Da Turanci nake amfani da ita, babu Hausa a cikinta, amma kalmomin da mutum yake buƙata ba su da yawa, kuma tana zuwa da waƙoƙin misali da za a buɗe a ga yadda aka gina su ɗigo bayan ɗigo.

Inda na fi daɗewa shi ne kalangu. Ɗan yayata ya nace cewa sai an ji kalangu a matakin da yaron yake shiga kasuwa, ni kuma na ɗauka murya ta biyar za ta biya buƙata, tunda manhajar tana karɓar sautin da aka naɗa ta mayar da shi irin na A'ila da kanta. Akwai wani dattijo makaɗi da ake gayyata bukukuwan Hausawa tsakanin Jidda da Makka, wanda mahaifinsa ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa, ya ratsa Sudan, ya tsallako teku daga Sawakin, kuma a hannunsa ya gaji kalangun da yake kaɗawa. Na je har gida na gaishe shi na ce, "Baba, alfarma nake nema, ku zo ku ba ni bugu kaɗan in naɗa." Ya zo da la'asar, ya zauna a kan darduma ya ƙi kujera, ya saƙala kalangun a hammata, ya yi mini bugu wajen ashirin, wasu a sake, wasu a matse, wasu kuma yana matsa tsirkiya bayan ya buga har amon ya hau kamar mai tambaya.

Sakamakon bai gamsar da ni ba, kuma dalilin yana cikin yadda na'urar asali take ajiye sauti. Ba ta riƙe cikakken hoton sautin, abin da take riƙewa kawai shi ne ko ya hau mataki ɗaya ko ya sauka mataki ɗaya, don haka kaifin bugun farko yana dushewa, wata 'yar shuu kuma tana biyo shi. Girman gutsure ɗaya a ma'aunin fayil ba ya wuce bayit 4081, wanda a mafi kyawun inganci bai cika daƙiƙa ɗaya ba, sannan gudu 16 kawai ake iya kunna shi da su, babu zamewa daga wannan zuwa wancan. To, kalangun da ba ya zamewa ai ya zama ganga kurum, domin maganarsa tana cikin matsawa da sakewar hammata. Sai na ajiye naɗin na koma kan murya mai kusurwa uku. Na zana mata amon da yake farawa can sama ya faɗo cikin ɗigo uku, wanda shi ne yake ba da jin an buga fata, na ɗora masa ƙyas ɗin shuu na ɗigo ɗaya daga murya ta huɗu a matsayin saukar sanda, sannan na bar jelar amon ta zame sama ko ƙasa yadda nake so. Domin in gwada, na rubuta karin "sannu da zuwa" kamar yadda harshe yake faɗarsa, ƙasa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, na kira dattijon na kunna masa ba tare da na gaya masa abin da na rubuta ba. Ya sa na maimaita sau biyu, ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Yawwa, sannu kadai. Ɗana, bakinsa bai gama buɗewa ba, amma na ji gaisuwarsa." Ban taɓa jin daɗin wani yabo a wannan sana'a kamar wannan ba.

Sai dai akwai farashin da aka biya, domin muryar da ta zama kalangu ita ce dai mai riƙe gindin kiɗa, kuma ba ta iya yin aiki biyu a lokaci guda. Duk inda kalangu ya yi magana, gindin kiɗan sai ya yi shiru ya ba shi wuri. Na sake tsara waƙar kasuwar gaba ɗaya a kan haka, gindi ya yi bugu biyu, kalangu ya amsa a na uku, kuma abin da ya fito ya fi na farkon numfashi nesa ba kusa ba. Naɗin dattijon bai tafi a banza ba, na ɗauki bugunsa guda mafi kauri na sa a murya ta biyar yana faɗowa a farkon kowane zagaye.

Wanda yake aiki a ƙasar nan ba zai rasa buƙatar amon da ke tsakanin maɓallan fiyano biyu ba, irin wanda ake ji a karin kiɗan Larabawa da ake kira maƙami, kamar Bayati da Rast, kuma na so in sa ɗan ƙamshin Hijaz a matakin da yaron yake wucewa ta gaban tsofaffin gidaje masu rawashin, wato tagogin katako masu sassaƙa. Manhajar tana da wurin gyara amo da ƙananan matakai, kuma yana aiki, amma da sharaɗi. Na'urar tana samar da kowane amo ne ta hanyar raba gudun agogonta, wanda ya kusa bugu miliyan 1.79 a daƙiƙa, da wata lamba daga cikin lambobi 2048. A tsakiyar fiyano, wajen amon da ke karkarwa sau 440 a daƙiƙa, tagwayen muryoyin suna da matakai kusan 14 tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa, saboda haka rabin tazarar yana samuwa cikin sauƙi. Idan aka hau hawa biyu sama, wato maɓallai 24, matakan ba su kai huɗu ba, kuma a nan kunnen da ya saba da ud, molon Larabawa, zai ji amon ya ɗan kauce. Shawarata ita ce a riƙe irin wannan waƙa a tsakiya ko ƙasa. Karin waƙoƙinmu na Hausa masu tafiya a kan amo biyar bai gamu da wannan matsala ba ko kaɗan.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wata huɗun nan ya zo ne ta hannun yayana, wanda shi ne ya mallaki A'ila ta farko a gidanmu, kuma shi ne yake hana mu taɓa ta sai ya gama wasan ƙwallon Kaftin Majid. Manhajar tana iya buɗe fayil ɗin kiɗan tsofaffin wasanni irin wanda ake kira NSF ta baje shi a allo domin nazari, sai na buɗe kiɗan wani wasa da muka sha yi muna yara na kunna masa. Ya saurara ya girgiza kai ya ce, "Wannan ya cika sauri, kuma muryar ba haka take ba." Na ce, "Yaya, ai wannan shi ne ainihin abin da ke cikin kaset ɗin." Ya ce shi dai kunnensa bai manta ba. Ranar Juma'a bayan la'asar na tafi Harajin Sawarikh, kasuwar gwanjo da ke kudancin gari, na yi ta kutsawa tsakanin tulin tsofaffin rimot da wayoyin caja har na sami A'ila irin tamu, fara da ja, da kaset rawaya mai alkawarin wasanni ɗaruruwa. Ta farkon da na saya ba ta kawo hoto ba, sai da na koma mako na gaba wurin wani mai tebur na sami mai aiki. Da na haɗa ta na kunna wasan nan, sai ga kiɗan yayana ya fito, a natse, da wata murya daban.

Bayanin kuwa shi ne, galibin na'urorin da suka shigo gidajenmu a shekarun 1990 kwaikwayo ne da aka ƙera a Taiwan da Sin, kuma a yawancin ƙwaƙwalen kwaikwayon an juya launin murya na 25 da na 50, kowanne ya zauna a gurbin ɗan'uwansa. Bayan haka, wadda na saya an yi ta ne domin talabijin mai sabunta hoto sau 50 a daƙiƙa, alhali an rubuta wasannin ne domin mai sau 60, kuma tunda kiɗan yana tafiya ne da bugun hoto, sai ya ragu da kashi ɗaya cikin shida. Ma'ana, sautin da muke kewa ba shi ne wanda Koji Kondo, mai tsara kiɗan wasannin Nintendo, da takwarorinsa suka ji a ofisoshinsu na Japan ba, namu ya fi nasu nauyin tafiya kuma launinsa a juye yake. Wannan ya canza yadda nake amfani da FamiStudio. Ita tana kwaikwayon na'urar asali ne da aminci, amma tunda launin kowace murya a hannuna yake, kuma tana da yanayin talabijin mai sau 50, ina iya karkata aikin zuwa ga abin da kunnen mutanen nan ya sani. Duk wanda zai yi kiɗa domin masu sauraro da suka tashi a Jidda ko Khartum ko Kano ya kamata ya san da wannan bambanci.

Akwai wata kyauta kuma da ban zata ba. Kaset ɗin Famicom na Japan yana iya ɗaukar ƙarin ƙwayar sauti a cikinsa, kuma manhajar tana kwaikwayon da dama daga cikinsu, kamar VRC6 ta kamfanin Konami mai ƙara muryoyi uku, da Namco 163, da Sunsoft 5B wadda aka sa a wasan Gimmick! na 1992. Wannan ta ƙarshen 'yar gida ɗaya ce da ƙwayar Yamaha mai lamba YM2149, wadda ita da 'yar'uwarta AY-3-8910 su ne muryar kwamfutocin MSX. Duk wanda ya yi ƙuruciya a Saudiyya a shekarun 1980 ya san MSX da sunan Sakhr, wadda kamfanin Al-Alamiyya na Muhammad al-Sharikh ɗan Kuwait ya mayar da ita ta Larabci ta shiga gidaje da makarantu. Da na kunna muryoyi ukun nan masu tsabta da ƙarar ƙararrawa, sai na tuna ɗakin maƙwabcinmu inda muke leƙen Sakhr ta taga. Na yi amfani da su a allon buɗe wasan kawai, domin idan aka tara ƙarin muryoyi da yawa ana komawa ne ga matsalar da aka gudo daga gare ta.

Ga mai haɗa kiɗan zamani, tambayar da ta fi muhimmanci ita ce yadda za a shigar da wannan sauti cikin waƙa mai murya da ganguna na yau. A nan dole a san cewa FamiStudio manhaja ce mai zaman kanta, ba ta shiga cikin FL Studio ko makamantanta a matsayin ƙari. Hanyar ita ce a gama rubutu a cikinta, a fitar da kowace murya a fayil ɗin WAV nata daban, wanda manhajar take yi da kyau, sannan a kwashe su zuwa inda ake haɗawa. Wannan yana nufin duk gyaran da ya taso daga baya sai an koma an sake fitarwa, kuma ranar da mawaƙi yake zaune yana jira a sauke masa waƙa da amo ɗaya, kai-da-kawowar tana cin lokaci. Akwai kuma wani abu da ya kamata a kiyaye: bugun na'urar asali ba 60 cif ba ne a daƙiƙa, akwai 'yar ɗoriya a kai, don haka kiɗan da aka lissafa a gudun bugu 150 a minti yana fita ne wajen 150 da kwata. A daƙiƙun farko ba a jin komai, amma a waƙar minti uku bambancin yana kai wa kusan sulusin daƙiƙa, wanda ya isa ya raba ganga da waƙa. Na daidaita gudun aikin a FL Studio zuwa 150.25 tun daga farko, sai komai ya zauna.

A wajen haɗawa, abin da na koya shi ne a taɓa sautin kaɗan. Tagwayen muryoyin suna da kaifi a daidai inda muryar mutum take fitowa, don haka idan akwai mawaƙi ina ɗan rage musu wannan wuri in kuma sa su yi shiru idan yana magana, kamar yadda mai algaita yake sassautawa idan maroƙi ya ɗaga murya. Muryar mai kusurwa uku ba santsi gare ta ba, hawa-hawa ce mai matakai 32, kuma wannan yana haifar da wani siririn fito a samanta wanda wasu suke gogewa. Ni ba na goge shi, domin shi ne yake sa a ji gindin kiɗan a lasifikar waya, inda yawancin mutanenmu suke sauraro. Amsa-kuwwa kuwa na fi son in yi ta yadda mutanen da suke yi, wato in maimaita waƙar jagora a murya ta biyu bayan ɗigo kaɗan da ƙarfi ƙasa-ƙasa, maimakon in zuba mata ta zamani wadda take narkar da gefen sautin.

Wanda buƙatarsa ita ce ya yafa ɗan sautin tsohon wasa a kan waƙar da ya riga ya gama, ba lallai ne ya bi wannan doguwar hanya ba. Magical 8bit Plug, wadda wani mawaƙin ƙungiyar YMCK ta Japan ya rubuta, kyauta ce kuma tana shiga cikin manhajar haɗa kiɗa kai tsaye, sannan kamfanin Plogue na Kanada yana sayar da chipsounds mai kwaikwayon tsofaffin na'urori masu yawa. Duka biyun suna ba da launin sautin, amma ba sa hana mutum tara muryoyi yadda ya ga dama, kuma ni a wurina wannan hanin shi ne abin da na zo nema. FamiStudio ta dace da mai yin kiɗan wasa, da mai son ya koyi tsara waƙa da kayan aiki kaɗan, da matashin da ba shi da kuɗin sayen manhaja. Ta waya tana da amfani wajen kama karin da ya zo wa mutum a hanya, na sha rubuta layi ɗaya ko biyu a jirgin ƙasan Haramain tsakanin Jidda da Madina, amma zanen ɗigo-ɗigo da yatsa a ƙaramin allo yana gajiyar da ido, don haka a kwamfuta nake ƙarasawa.

Waƙoƙi huɗu na miƙa wa ɗan yayata, da sautuka goma sha ɗaya na tsalle da karo da karɓar kuɗi. Wanda ya fi ba mu wahala shi ne na lokacin da balila ta huce wasa ya ƙare, domin duk abin da na gwada yana fita kamar na wasannin da kowa ya sani. A ƙarshe na ba kalangun mai kusurwa uku amo biyu masu gangarowa, irin yadda ake cewa "kash", na bar shuu mai kauri ta bi bayansu ta mutu a hankali kamar tururin da ke ƙarewa. Dattijon makaɗin ya aiko mini da saƙo a makon jiya cewa yana da aboki mai garaya a Makka da yake so ya zo ya ji ko na'urar za ta iya da tasa tsirkiyar, kuma mun sa rana bayan Juma'a mai zuwa.